Ƙanzon da Aka Mayar wa Inna

Shekaranjiya da la'asar tukunyar tuwo ta kama a gidana. Ina ɗaki ina ninke wanki ƙaurin ya shigo ya same ni. Na fito na tarar da autata zaune a kan kujera 'yar tsugunno, muciya a hannu, waya a cinya, idonta a kan bango. Tuwon na ƙonewa a gabanta, ba ta ma ji ba. Sati biyu ke nan da yaron da aka sa musu rana ya turo mata saƙo a waya wai ya fasa, ba dalili, ba sallama. Na sauke tukunyar, na kwashe abin da ya kwasu. Da na sa cokali na fara kankare gindin, sai ƙarar nan ta tsaya mini a ƙirji. Na daɗe ban ji ta ba.

"Umma," in ji yarinyar, ko dubana ba ta yi ba, "ki gaya mini gaskiya. Wani abu ne a tare da ni da ba a iya zama da shi?"

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, 'ya'yana ma tsokanata suke yi wai ko faɗa nake kamar mai ba da haƙuri. Amma tambayar nan ta tono mini wani fushi da na daɗe ina dannewa. Ba da yaron kaɗai nake fushi ba. Fushina ya girme shi nesa ba kusa ba. Ku bari in ba ku labarin, don ni ma na taɓa yi wa kaina wannan tambayar, ina 'yar shekara tara, kuma manya huɗu ne a kaina ba wanda ya amsa mini.

A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ni, lokacin da unguwar ba ta cika haka ba. Gidajen ƙasa ne jefi-jefi, in ka bi ta bayan gidanmu gonakin dawa za ka yi ta ratsawa har ka ɓulla Tarauni. Mu shida ne a gidan. Akwai Baba, direban motar haya. Akwai Inna. Akwai kakata, uwar Baba, wadda muke ce wa Iya. Akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida. Sai ni da ƙanena da ke goye.

Ni ce 'yar fari, kun kuwa san abin da hakan ke nufi a wancan zamanin. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta yi mini wasa, ba ta kallona in da mutane, in na faɗi na fasa gwiwa sai dai Iya ta ɗauke ni. In za ta aike ni sai ta ce wa bango, "Yarinyar nan ta miƙo tsintsiya." Ƙanena kuwa har rawa take yi masa a cinya, tana yi masa kirari. Matan unguwa suna yabonta a kan haka, suna cewa an daɗe ba a ga mai alkunya irinta ba.

Amma akwai ƙanzo. Kullum in ta kwashe tuwon dawa, takan bar tukunyar a kan garwashi ta ɗan ƙara jimawa, har gindin ya yi ja ya fara ɗayewa. Ta kankaro shi a hankali ya fito kamar faifai, ta ɗiga masa man gyaɗa, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, ta ɗora a murfin kwano ta ajiye a gefen murhu. Sai ta ce, "Ga ƙanzo nan, mai so ya ɗauka," ta juya ta ci gaba da aikinta. A gidan nan kaf ba mai cinsa sai ni. Iya ba ta da haƙori, Baba ya ce abincin kaji ne, Gwaggo ta ce yana murɗa mata ciki. Ban san yadda ake kiran abin da ke tsakanina da Inna ba, amma na san murfin kwanon nan nawa ne, kuma muddin yana nan ni ma ina da wuri a gidan.

Auren Baba da Inna auren so ne, kowa ya san haka. Shi ya gan ta a Tarauni ya nace. Sai dai halinsu ya sha bamban. Baba mutum ne da in yana son ka sai ya ji daga bakinka cewa kai ma kana son sa, yau ya ji, gobe ma ya sake tambaya. Inna kuwa da hannu take magana. Ta wanke, ta dafa, ta ɗinke maka inda rigarka ta yage tun ba ka lura ba, amma bakinta a rufe.

Shekarar da soja za su miƙa wa farar hula mulki, ta farko nake nufi, gari ya cika da hayaniyar siyasa. A shekarar ne ma aka ce mata su fito su jefa ƙuri'a. Wani ɗan takara ya ɗauki hayar motar Baba, aka ɗaura mata lasifika a ka, suka shiga ƙauyuka da damina. Kwana ashirin ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ni na ga abin da Inna ta yi a kwanakin nan. Duk motar da ta yi ƙara a layi sai ta sami dalilin zuwa bakin zaure, ko shara ko zubar da ruwa. Kullum sai ta zuba tuwonsa a kwanonsa ta rufe, da safe ta ɗumama mana shi. Ta rame har zobenta ya riƙa zamewa.

Ran da ya dawo, bayan azahar ne, an ɗauke ruwa ke nan. Ya shigo da murnarsa, rigarsa duk jar ƙasa, da turmin atamfa a hammata. Iya da Gwaggo na zaune a tsakar gida. Inna ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce, "Sannu da zuwa," ta kawo masa ruwa ta koma gindin murhu.

Fuskarsa ta sauya. "Shi ke nan? Kwana ashirin ba na nan, sannu da zuwa kawai?"

"Na kai ruwan wanka," in ji Inna.

"Ba ruwan wanka na tambaye ki ba. Matan abokaina har guɗa suka yi. Ki faɗa nan a gaban Iya, kina so na ko ba kya so na?"

Don Allah ku duba wannan tambaya. Wace mace ce a lokacin za ta buɗe baki a gaban surukarta ta ce tana son mijinta? Shi ma ya sani. Iya ta sani. Da ta ce masa, "Kai, tafi ka yi wanka," da magana ta mutu a nan. Amma Iya ta sunkuyar da kai tana tsintar wake. Gwaggo kuma ta yi tsaki ta ce, "Ai shirun ma amsa ne." Ya tambaya sau uku. Inna na tsaye da ludayi a hannu. Ina gefen rijiya, bakina cike da labarin kwanon da ake rufewa kullum, amma wa ke tambayar yaro? Sai ya jefar da atamfar a kan tabarma ya ce ya sake ta, saki ɗaya.

Kafin la'asar Gwaggo ta aika Tarauni a kira kawuna. Malamin da ke ja mana salla a layi ya leƙo ya ce a bar ta ta yi idda a ɗakinta, haka addini ya ce, wataƙila zukata su huce. Aka ce masa ba haka aka saba ba. Inna ta goya ƙanena, ta ɗaura ƙullin kayanta. Ta durƙusa ta yi wa Iya sallama, ta yi wa Gwaggo, ta yi wa matan maƙwabta da suka shigo. Ina tsaye a bakin zaure, inda dole ta bi. Ta wuce ni. Gefen zanenta ya shafi hannuna. Sai da ta kai ƙofa ta waiwayo wajen Iya ta ce, "A riƙa tsefe kan yarinyar nan, yana saurin cukurkuɗewa." Ni a ranar sai na ji kamar kushe ni take yi.

Ran nan Gwaggo ta yi tuwo. Tukunyarta ba ta kama ba.

Tun washegari Baba ya yi nadama, kowa ya gani. Ya daina fita aiki sosai, sai ya zauna a ƙofar gida yana wanke motar da ba ta da datti. Ya shigo ya ce, "Ba a aiko daga Tarauni ba?" Na ji shi da kunnena yana ce wa Iya, "Wallahi ko gaisuwa ta aiko, yau zan mayar da ita." So yake ta fara. Ita kuma ta yaya macen da aka saka za ta aika a zo a mayar da ita? Wata uku ne a tsakaninsu, kwanaki na tafiya, ni kuma ina kwana ina tashi da abu ɗaya a raina: ko Inna tana tunawa da ni?

Akwai wata mata mai sayar da daddawa da kuka, gidanta na Tarauni, tana ratso gonaki ta shigo gidajen unguwarmu. Wata safiya na dawo daga makarantar allo na tarar Gwaggo tana ta sababi, mai daddawa na fita da kwano a ɗaure cikin adiko.

"Me ya faru, Gwaggo?"

"Uwarki ce ta aiko mana da zagi a kwano. Wai a kai wa tsohuwa! Ai ga shi can na mayar mata da abinta."

"Mene ne a ciki?"

"Rufe mini baki, uwar tambaya."

Na dubi Iya. Tana kaɗi, idonta na kan mazari. Sau uku kwanon nan yana zuwa, duk ina makaranta, sau uku ana mayar da shi. Da Baba ya yi tambayarsa ta kullum, Gwaggo ta ce, "Ta aiko kam, amma da cin mutuncin uwarka ta aiko." Ya juya ya fita. Shi ma bai ce mene ne a kwanon ba. Har yau in na tuna wannan sai raina ya ɓaci. Mutumin da ya iya yin tambayar da ba ta amsuwa har sau uku, ya kasa yin wadda amsarta kalma ɗaya ce.

Gwaggo ba muguwa ba ce, sai dai yadda aurenta ya mutu ya ɓata mata ido. Mijinta ya tafi fatauci ne ya aiko mata da takardar saki ta hannun wani, tun daga ranar duk kyautar da ta gani sai ta hango raini a ƙarƙashinta. In maƙwabciya ta aiko da miya sai ta ce, "Wato tamu ba ta da daɗi ke nan." Na fahimci wannan daga baya. Fahimtar ba ta rage mini haushi ba.

Wata rana da hantsi na ga mai daddawa ta kama hanyar gida, na bi bayanta daga nesa. Dawa ta fi ni tsawo, ƙasa ta jiƙe, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo na bar shi. A haka na shiga gidan kawu. Mata sun kai biyar a inuwar bishiya suna tsinkar zogale, Inna na cikinsu. Ta ƙara ramewa. Da ta gan ni, faifan da ke cinyarta ya karkace, ganye ya zube. Sai ta juya ta gyara wa ƙanena hula ta ce wa matar kawu, "Kun yi baƙuwa, a ba ta ruwa."

Matan suka kwashe da dariya. "Ga 'yar farinki ta ratso gona da ƙafa ɗaya ba takalmi, ko kallo ba za ki yi mata ba?" Wata ta ce, "Ku ƙyale ta, irin kunyar mutanen da ke gare ta. Allah ya yi miki albarka." Yabonta suke yi. Yarinya na tsaye da taɓo har gwiwa tana jira uwarta ta dube ta, su kuma suna sa wa uwar albarka don ta ƙi duba.

Na sha ruwan. Can Inna ta yi magana, fuskarta na wajen katanga, muryarta ƙasa-ƙasa. "An ce mutanen gidan sun ƙoshi da abin da ake aikawa."

Ni dai abin da na sani shi ne zagi ake aikawa, kuma ba a taɓa aiko mini da ko gaisuwa ba. Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Gwaggo ta ce kada ki ƙara aikowa. Ni ma ba na so."

Wallahi na faɗa ne don ta jawo ni. Ko dukana ta yi da na ji daɗi, don dai hannunta ya taɓa ni. Sai ta ce, "To." Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Kawu ya ɗora ni a keke ya mayar da ni gida. Baba bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Ta tambaye ni?" Na ce a'a. Kwano bai ƙara zuwa ba.

Idda ta cika lokacin da dawa ta nuna. A kwanakin ne aka rantsar da farar hula, rediyo na tashi a kowane zaure, maza na cewa yanzu baki ya buɗe, kowa zai faɗi abin da ke ransa. A gidanmu ba bakin da ya buɗe. Da shekara ta zagayo Inna ta yi aure a wani gari can wajen Gaya, ta tafi da ƙanena.

Daga nan kowa ya ɗauki darasinsa, duk kuma darasin ƙarya ne. Baba ya ce mata ba su san so ba. Ya ƙara aure sau biyu, kowacce ya dame ta da tambaya da zargi har ta gaji ta tafi, shi kuma ya ce kun gani ko. In na yi shiru a gabansa sai ya ce, "Ke ma jininta ce, zuciyarku ɗaya, dutse." Na yarda da shi. Na kuma yarda da wani abu da ba wanda ya faɗa mini: in uwar da ta haife ni ta iya wuce ni a bakin zaure, to akwai wani abu a jikina da ke sa a wuce ni, kuma duk wanda ya zo zai gano shi ko ba daɗe ko ba jima.

Da na zama budurwa wani tela daga Darmanawa ya riƙa zuwa zance. Yana da fara'a, har ɗankwali ya yi mini da ragowar yadi. Ina son sa, amma duk ran da ya zo sai in ta kallon bakinsa ina jiran ranar da zai ce ya gaji. Sai ya yi sati biyu bai zo ba. Ban aika in ji lafiya ba. Na tattara ɗankwalin da turaren da ya ba ni na miƙa wa Gwaggo a mayar masa. Ta ce, "Yauwa 'yata, haka ake yi. Ki riga shi tafiya." Ashe zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Ya zo a rame, yana dafa bango, yana rantsuwa. Na ce masa, "Allah ya ƙara sauƙi," na shige gida. Na yi wata guda ina kuka a bayan ɗaki, amma ban fita ba. Abin da aka yi mini shi na yi masa, ban ma sani ba.

Wanda na aura kafinta ne, mai sanyin hali. Tun ran da aka kai ni na ɗaure zane biyu da mayafi da sabulu a ƙulli na tura ƙarƙashin gado, don in ranar ta zo kada in tsaya haɗa kaya a gaban mutane. In ya makara a wurin aiki sai in ce yau ce. In ya yaba girkina sai in ce me yake shirin faɗa. Wata rana yana gyara ƙafar gadon ya jawo ƙullin. Ya ce, "Wannan fa?" Na ce tsofaffin kaya ne. Ya dube ni, ya mayar da shi inda yake.

Da na sami cikin fari aka ce in tafi wajen Inna wankan jego, na ce ba ni da uwar da zan je wa. A Gyaɗi-Gyaɗi na yi, a ɗakin Iya, ta tsufa tukuf amma tana nan da hankalinta. Kwana biyu da suna, da hantsi, ina zaune ina kankarar tukunyar tuwon 'yan barka, sai ga mai daddawa ta shigo da sanda. Ta ga abin da nake ci ta tuntsire da dariya.

"Ikon Allah! Har yanzu kina nan da cin ƙanzonki? Ni fa na sha wahalar ƙanzon nan naki. Sau uku ina ɗauko shi daga Tarauni a kaina, cikin ruwa cikin taɓo, sau uku ina mayarwa."

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Wane ƙanzo?"

"Wanda uwarki ke aikowa mana. Cike da kwano, ta sa masa mai da ƙuli, ta ce a kai wa tsohuwa. To tsohuwa da wane haƙorin? Ai ko makaho ya san na waye. Gwaggonki ta buɗe ta ce an aiko wa uwarta da abincin kaji don an raina ta. Ni kuma ba na kai tsegumi, in na koma sai in ce mata sun gode, sun ƙoshi." Ta dube ni da kyau, dariyar ta ɗauke. "Au, wai ba ki sani ba?"

Na shiga ɗaki da jaririyata a hannu. Na ce, "Iya, kin san abin da ke cikin kwanon nan?"

"Tun na farko na sani."

"Kin san nawa ne?"

"Na wa zai zama?"

"To me ya sa ba ki gaya mini ba? Me ya sa ba ki gaya wa Baba ba?"

Ta daɗe tana murza carbi. Sannan ta ce, "Ita ta rufe abinta saboda kunya, ni ce zan tona mata? Kuma gwaggonki a lokacin wuta ce. Na ce a yi haƙuri, komai zai wuce."

Ya wuce kam. Ya wuce da auren mutum biyu masu son juna, ya wuce da ƙuruciyata, ya wuce da telan da bai yi mini laifin komai ba. Gwaggo da na tare ta cewa ta yi, "To ni na san ƙanzo na da wata ma'ana? Abin da na gani na faɗa." Har ta koma ga Allah ba ta ce in yafe mata ba. Baba kuwa da na gama ba shi labari, sai ya ɗago ya ce, "Ni fa? Ba ta sa komai nawa a ciki ba?" Shekara goma sha ɗaya, yana tsaye a inda aka bar shi.

Da na yi arba'in, yawon arba'in ɗina na farko gidan Inna na nufa. Ta karɓi jaririyar da guɗa, tana juya ta tana ce mata ƙawata, tana sumbatar ƙafafunta. Ni kuwa ta ce wa ƙofa, "An zo lafiya?" Na jira har mutane suka ragu, muka rage mu biyu a gindin murhu. Na ce, "Inna, ban san abin da ke cikin kwanon nan ba. Sai bana na ji."

Ta daɗe tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Sannan ta ce, "An ce ba a so."

"Ƙarya na yi."

Ta ɗauki muciya. Ta tuƙa tuwonta, ta kwashe, ta bar tukunyar a kan garwashi. Ina kallo gindin ya yi ja. Ta kankaro shi, ta ɗiga mai, ta barbaɗa ƙuli, ta ajiye a gefen murhu. Hawaye na bin fuskarta, amma bangon ta kalla ta ce, "Ga ƙanzo nan, mai so ya ɗauka." Na ɗauka. Na cinye tas. Da na koma gidana na jawo ƙullin nan daga ƙarƙashin gado na kwance, na wanke zannuwan na shanya a tsakar gida. Maigidana ya dawo ya gan su a igiya, ya ce, "Tsofaffin kayan ne?" Na ce su ne. Ya ce, "Madalla."

Kada ku ce daga nan na huce. Na yafe, don ana so a yafe, amma ban yarda an yi daidai ba. Ban ce alkunya ba ta da kyau ba, ni ma a cikinta na tashi. Abin da na ƙi shi ne a bar yaro ya yi ta cankar ko ana son sa, don duk yaron da aka bari da canka, kansa zai ɗora wa laifi, ya girma yana kallon kowa a matsayin mai shirin tafiya. Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da goyo a baya ke nan. Na ce in bakina ya yi nauyi irin na Inna, to hannuna ya iya rubuta abin a fili. 'Yar farina kuwa da sunanta nake kiranta, a gaban kowa. Tsofaffi sun ce ba ni da kunya, na ce na ji.

Yanzu gonakin nan duk sun zama gidaje da shaguna, a-daidaita-sahu na kai mutum Tarauni kafin ya gama gaisawa da direba. Yaran yanzu suna faɗa wa juna so sau ɗari a waya, har sai na ce to madalla, an wuce zamaninmu. Sai ga shi yaro ya turo layi ɗaya ya kashe wayarsa, ya bar mini yarinya tana laluben aibi a jikinta. Da can an ƙi faɗa saboda kunya, yanzu an ƙi faɗa saboda rashinta, wadda aka bari kuma tambayarta ba ta sauya ba.

Shi ya sa shekaranjiya ban ce wa autata ta yi haƙuri ba. Na jawo kujera na zauna a gabanta, na kira sunanta, na ce ta dube ni. Na ce, "Ba komai a tare da ke. Shekara ashirin da biyu nake zaune da ke, ban gaji ba ko na yini ɗaya. Abin da ya sa shi ya tafi yana can wajensa, ba a jikinki yake ba. Kuma kada ki sa wanda zai zo nan gaba ya ɗauki laifin wannan."

Sannan na ƙarasa kankare tukunyar, na ɗiga mai, na barbaɗa ƙuli, na sa mata a hannu.

Ta duba, ta ja hanci, ta ce, "Umma, ni fa ba na cin ƙanzo."

Na ce, "Na sani. Ko ba kya ci, naki ne. Don ke na yi."

Ta riƙe shi ta daɗe. Can na ji ta ɓalli gefe.